Hawan Biyu da Sisi: Kwana Shida a Tsaunin Mambila

Shekara 31 na yi ina aikin safiyo, ina jan tef a filayen mutane ina kafa turakun siminti, amma ban taɓa taka tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ba sai a watan Disambar da ya wuce. Wani abokina da muka koyi aikin tare, ɗan asalin Nguroje, wani gari a kan tsaunin, shi ne zai aurar da ɗansa. Ya daɗe yana kirana ina kawo uzuri. A wannan karon ya ce mini, "Malam, in ba ka zo ba, to na san zumuncin namu ya koma na waya kawai." Na haɗa kayana, uwargida ta cusa mini rigar sanyi biyu da bargo, na kama hanya.

Daga Kano na kwana a Gombe, washegari na bi ta Numan na sauka Jalingo. Bayan sallar asuba na isa tasha na samu motar Gembu. Muka wuce Sunkani, muka wuce Garba Chede, muka ci abinci a Bali. Zafi dai irin wanda muka saba da shi, ƙura irin tamu, har na fara tunanin ko rigunan sanyin nan nauyi kawai suka ƙara mini. Amma daga Bali zuwa Serti duwatsu suka fara matsowa kusa da titi, shuɗaye daga nesa, daji ya yi duhu. A Serti ne hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, gandun da ya fi kowane girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ba mu tsaya ba sai don ajiye fasinja biyu.

A Mayo Selbe direba ya kashe mota ya ce kowa ya fito. Ya buɗe gaba ya ƙara ruwa a lagireto, ya durƙusa ya leƙa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa yaronsa ya taka birki yana saurare. Ba shi kaɗai ba, duk motar da ta iso haka take yi. Muka yi alwala muka yi azahar. Wata tsohuwa da ke kujerar bayana ta zaro zani mai kauri ta yafa, alhali gumi na tsatstsafo mata. Da ta ga ina kallonta ta ce, "Ɗan nan, fito da rigarka tun yanzu, can sama ba za ka samu damar buɗe jaka ba." Direba ya shiga ya yi bismillah da ƙarfi, kowa ya amsa, muka tashi.

Sunan hawan Biyu da Sisi. Direbobi suna cewa a zamanin da babu titi, sule biyu da sisi ake biyan ɗan dako ya kai kaya sama a ka, sunan ya bi dutsen har yau. Titin ya nannaɗe jikin tsaunin, a gefe ɗaya bangon dutse, a ɗaya gefen kwarin da ba a hango ƙasansa. Kwanonin ma suna da sunaye, akwai Tungar Gora, akwai Kwanan Durom, sannan Tungar Ahmadu can kusa da ƙarshe. Direbanmu bai wuce giya biyu ba, kuma kafin kowace kwana sai ya danna ham ya jira. Wani saurayi a gaba ya ce masa ya ɗan taka, ya ce, "Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In kana sauri ga ƙofa nan." Kunnuwana suka toshe, suka buɗe, suka sake toshewa. Iskar da ke shigowa ta taga ta sauya kamar an buɗe firji. In ka waiwaya sai ka hango Mayo Selbe ta koma ɗan tabo, kwanukan rufinta na ƙyalli, duwatsu jere a bayanta har inda ido ya gaza. Na daɗe ban ga abin da ya sa na yi ta tasbihi ban sani ba kamar wannan.

Sai dai idon mai safiyo ba ya hutawa, kuma abin da ya gani a hawan nan shi ya hana ni sakat duk kwanakin da na yi a sama. A saman titin, a gangaren da mutum ba zai iya tsayawa ba sai ya dafa, akwai gonakin masara da aka girbe, an sare itatuwan da ke riƙe da ƙasar. A wani wurin an riga an saka wuta, gangaren ya yi baƙi ƙirin tun daga kan dutse har bakin kwalta. A wurare biyu na ga inda ƙasa ta zaftaro a daminar da ta wuce, jar ƙasa da duwatsu, an ture su gefe an bar hanyar mota ɗaya. Magudanar ruwa ta cike da laka. Duk wanda ya yi aikin hanya ya san titin dutse ba kwalta ke riƙe da shi ba, saiwar da ke samansa ce. In aka aske gangaren, ruwan sama ba shi da abin da zai tare shi, sai ya kwaso ƙasa ya sauke a kan titi, ko ya ƙwaƙule ƙarƙashinsa.

Wajen tsakiyar hawan muka iske babbar mota maƙare da katako ta lalace a kan kwana. An dafe tayoyinta da duwatsu, an zuba ganye a titi alamar a yi hattara, yaran motar sun hura wuta suna dafa abinci. Ba su da laifi, babu inda za su tura ta. Muka raɓa ta gefen ramin, tsohuwar nan tana ta salati. Gaba kaɗan kuma wata ƙaramar mota ce mai lambar Abuja ta tsaya a kan titin, samari da 'yan mata sun fito suna ɗaukar hoto da waya. Direbanmu ya yi musu faɗa ta taga. Ni kuwa tausayinsu na ji. Sun yi tafiyar kwana biyu don su ga wannan wuri, kuma a duk tsawon hawan ban ga fili ɗaya da aka gyara aka ce nan ne matsayar mai son kallo ba. Dole su tsaya inda ido ya ja su, ko da kuwa bayan kwana ne.

Da muka ƙure hawan muka shiga Maisamari sai duniya ta buɗe. Ba daji, ba ƙaya. Tuddai ne masu santsi kamar an jera ƙwarya a kife, ciyawa ta lulluɓe su, ta fara juyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa. Shanu a ko'ina, jajaye da farare, manya-manya masu ƙiba, ba ka ganin ƙashin haƙarƙarinsu. Tsaunin yana kan tsayin kusan mita 1,600 daga teku, shi ya sa sanyin, shi ya sa kuma babu ƙudan tsando da ke kawo wa shanu sammore a ƙasa. Mata na sayar da ayaba da fiya da dankalin turawa a bakin titi. Tsofaffin Landiroba, waɗanda na ɗauka sun ƙare a ƙasar nan, suna ta wucewa da buhuna da mutane a sama, domin su ne ke iya hanyoyin ƙauyuka. Abu biyu kuma suka yi ta maimaituwa tun daga nan har Nguroje: layukan itacen zaiti, wanda mu a Kano muke kira turare, da shingen waya mai ƙaya. Wani tudun an kewaye shi gaba ɗaya, ba gida, ba gona, waya kawai.

Mai masaukina ya tarbe ni da shayi mai zafi da kasko cike da garwashi. A daren na tambaye shi labarin wayar nan, muka kai tsakar dare.

Yankin nan ba ya cikin Najeriya a da. Jamus ta riƙe shi cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi shiga Najeriya. Daga nan aka sa wa yankin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar ke amsawa har yau, hedkwatarta a Gembu. Mutanen Mambila manoma ne tun kaka da kakanni, ga kuma ƙabilun Kaka da Kambu da Panso. Shanu sun fara hawowa da yawa ne wajen shekarun 1940, da Fulani suka gane cewa ga ciyawa ga ruwa ga lafiyar dabba. Tsarin da aka zauna a kai mai sauƙi ne a baki: kwari da fadama na manomi, kan tudu na makiyayi. Ya yi aiki lokacin da mutane ba su da yawa, shanu ma ba su da yawa. Yanzu duka biyun sun ninka, ƙasar kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo. Wannan dokar ita na yi rayuwar aikina a ƙarƙashinta, na san ta kamar yunwar cikina. Ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bai wa mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da an nemi amincewar gwamna ba. Hekta 5,000 murabba'in kilomita 50 ke nan. A wurin da ƙasa take fallau wannan adadi ba zai dami kowa ba. A kan tsauni mai iyaka, inda kowane kwari yana da mai nomansa, kowane tudu yana da mai kiwonsa, takarda ɗaya tana iya haɗiye gonar kakan wani da mashayar wani gaba ɗaya. Wanda ya san hanyar ofis ya samu takarda ya ja waya. Wanda bai sani ba, manomi ne ko mai shanu goma, ya wayi gari ya ga shinge. Na faɗi wannan da nauyi a zuciyata, domin ni ma a wasu wuraren na kafa turaku bisa takardar da aka miƙo mini, ban tambayi wanda ke bin wurin da garkensa ko wadda ke ɗiban ruwa a can ba. Aikin da aka ba ni na yi daidai, awona bai taɓa kuskure ba. Amma awo daban, tsari daban.

A wurin ɗaurin aure na zauna kusa da wani Arɗo, dattijo mai farin gemu, ya naɗe da bargo har wuya. Da ya ji aikina sai ya gyara zama. Ya ce, "Malam, ku ne masu siminti ke nan." Na ce mu ne, ranka ya daɗe. Ya ce a lokacin ƙuruciyarsa, in rani ya yi suna gangarawa da shanu ƙasa, kuma akwai burtali sananne da kowa ya san faɗinsa. Yau burtalin ya tsuke, wani wurin zaiti, wani wurin masara, wani wurin wayar ɗan'uwansa Bafillatani mai kuɗi. Ya ce saniya ba ta tashi sama, dole ta bi ta wani wuri, kuma duk inda ta bi akwai mai shi. Ya nuna mini tudun da ke gabanmu ya ce ciyawar da ke kai ba ita ce ta da ba. Doguwar ciyawa mai laushi ta ƙare saboda yawan kiwo da wuta, wata gajera mai tauri, mai fitowa dunƙule-dunƙule, ta maye gurbinta, shanu ba sa sonta sai tana sabon toho. Shi ya sa ake saka wuta da wuri don ta toho, wutar kuma ita ke ƙara kashe mai kyaun.

Kwana biyu bayan haka abokina ya kai ni wani ƙauye a kwari, wurin wani tsoho ɗan ƙabilar Mambila da suka daɗe suna hulɗa. Muka same shi a gonar gwaza. Na gaishe shi, "Baba, sannu da aiki." Hausarsa ta fita sarai. Ya ce a da in gona ta gaji sai su shuka mata majimfa, su suna kiranta yom, su bar ta ta huta, ganyen ya ruɓe ƙasa ta farfaɗo. Yanzu ba ka isa ka bar gona ta huta ba. In ka bar ta, ko shanu su tattake, ko wani ya ce fili ne da babu mai shi. 'Ya'yansa maza huɗu, kwarin kuwa shi ne dai wanda ubansa ya bar masa. Ina za su? Sai gangare. Na tuna gonakin da na gani rataye a saman titin Biyu da Sisi, na gane ba ganganci ne ya kai mutane can ba. Ya kuma nuna mini wata ƙorama da ya ce a da ba ta ƙafewa, tun da aka dasa zaiti a kanta take yankewa da rani. Zaiti itace ne mai shan ruwa ƙwarai, kuma kuɗi ne a tsaye, shi ne katakon da motoci ke saukowa da shi. Dasa shi kuma wata hanya ce ta cewa nan nawa ne.

Dattawan nan biyu ba su san juna ba, amma koke ɗaya suka yi mini: babu wanda ya taɓa zaunar da su ya shata musu iyaka a fili, iyakar da kowa ya yarda da ita. Mutanen tsaunin sun biya wannan da jini, a farkon 2002 da kuma watan Yunin 2017, an rasa rayuka da dukiya, wasu suka tsallaka Kamaru. Ba wanda ya so ya tsawaita wannan maganar da ni, ni ma ban matsa ba. A fuskokinsu na ga abin bai warke ba.

Akwai wuri ɗaya da na ga an ja layi kuma layin yana numfashi. Kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, akwai kurmin Ngel Nyaki. An keɓe shi a 1969, faɗin wurin murabba'in kilomita 46, wato bai ma kai abin da dokar 1978 ta yarda a ba mutum ɗaya don kiwo ba, kuma ainihin kurmin ɗan kaɗan ne daga ciki, sauran ciyawa ce. Daga Yelwa muka taka da ƙafa a kan tudu, iska na kaɗa mu, sai kwatsam ƙasa ta karye, ga kurmi baƙi-ƙirin kwance a gangare. Da ka shiga sai sanyi na daban, ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, kukan tsuntsaye da birai. A cikinsa akwai ragowar biri mai ganga, wanda ya fi kowace dabba kama da mutum. Ban gan shi ba, amma saurayin da ya yi mana jagora ya nuna mini sheƙar da yake yi a kan itace ya kwana.

Akwai tashar bincike a bakin kurmin, wadda Dokta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke ƙasar New Zealand ta assasa, ɗalibai daga jami'o'in Najeriya na zuwa karatu. Abin da ya fi burge ni ba na'ura ba ce. Sun kewaye wasu sassan ciyawa da ke bakin kurmin da shinge, suna share layin da wuta ba za ta tsallaka ba, suna renon irin itatuwan kurmin suna dasawa. Tsaya a kan shingen ka duba: a hagu gajerar ciyawa da sawun kofato, a dama ƙananan itatuwa sun fi mutum tsawo. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya. Masu wannan aiki kuma yawancinsu 'ya'yan Yelwa ne, a nan suke samun abinci, sun san sunan kowane itace. Jagoranmu bai ɓoye mini ba, ya ce akan yanke waya, wuta kan shiga, akan yi ta zama ana sulhu. Duk da haka layin na nan, saboda akwai mutanen gari da suke kwana suna tashi da shi.

A Gashaka-Gumti ma, tun ana kiran wurin gandun namun daji a shekarun 1970 kafin ya zama na tarayya a 1991, masu tsarin sun bar wasu tuddai a cikinsa, irin su Chappal Hendu da Filinga, a matsayin keɓaɓɓun wuraren da mutane za su ci gaba da zama da kiwo da noma. Tsarin na da matsalolinsa, shanu sun ƙaru fiye da yadda aka zata. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: an fara da amincewa cewa akwai mutane a wurin, sannan aka zana taswira.

Na leƙa gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, layukan ganye kore shar sun bi tuddai kamar an shimfiɗa darduma. Na kwana ɗaya a Gembu, na gangara bakin kogin Donga da safe hazo na tashi daga ruwa. Ko'ina ka zauna sai an taɓo maganar madatsar ruwan Mambila da ake shirin ginawa don samar da lantarki, wadda aka fi shekara 40 ana ambatonta. Mutane na son wuta da aiki, amma tambayar da ke bakinsu ita ce kwarin wa ruwa zai cinye, kuma ina za a mayar da shi.

Daren da zan baro, abokan ango suka kewaye ni a zaure. Samari ne masu ilimi, masu son garinsu. Burinsu a mayar da Mambila wurin yawon buɗe ido. Ɗaya ya ce a yi musu irin na Obudu a jihar Kuros Riba, da otal a kan dutse da motar igiya mai ɗaukar mutane sama. Wani ya ce ga Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419, amma 'yan ƙasar ma ba su san da ita ba. Gaskiya suka faɗa, kuma ina tare da su, wurin nan ya cancanci duniya ta gan shi. Amma na ce musu, "Samari, otal shi ne abu mafi sauƙi a cikin maganar nan. Mai kuɗi zai gina shi cikin shekara. Tudun da zai gina shi a kai fa, na wa ne?" Kyan da baƙo ke zuwa kallo makiyayar wani ce, gonar wani ce. In aka kawo mai otal kafin a daidaita manomi da makiyayi da mai zaiti, an ƙara mutum na huɗu ne a kan tabarmar da uku suke ja, kuma shi ne zai fi su sanin hanyar ofis.

Na karɓi takarda da biro na zana musu hawan kamar yadda na gan shi. Na ce ni da za a tambaye ni, daga titin zan fara, domin shi ne maƙogwaron tsaunin, in ya toshe ba shayi ba katako ba marar lafiya da zai sauka. A ware wani faɗi sama da ƙasa da kwalta inda ba noma, ba sara, ba wuta, a dasa itatuwan asalin wurin, irin waɗanda 'yan Yelwa suka iya renonsu. Waɗanda ke noma a gangaren ba korarsu za a yi ba, a ba su wani wuri ko a ɗauke su aikin kula da dashen, in ba haka ba dashen ba zai kai baɗi ba. A fasa gefen dutse a wuri biyu ko uku a yi matsaya mai katanga, inda motar da ta yi zafi za ta huce, baƙo ya yi kallonsa cikin aminci, a yi ɗan masallaci da bayan gida, a ba matan ƙauyukan kusa rumfunan sayar da ayaba da zuma da man shanu. Daga nan sai a hau sama a bi idon ruwa ɗaya bayan ɗaya a yi masa hurumi, a fitar da burtali a auna faɗinsa a gaban Arɗo da Jauro da mai gona, a kafa turken kowa yana kallo. Masauki kuwa a bar shi cikin garuruwan da ake da su, Maisamari da Nguroje da Gembu, inda kuɗin baƙo zai shiga hannun mai shayi da mai acaɓa. Kan tuddai a bar wa ciyawa da shanu da ido. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta riga ta ba jiha da ƙaramar hukuma damar yin irin wannan taswira, ba sai an jira sabuwar doka ba.

Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, wannan ai aikin shekaru ne." Na ce haka ne, kuma mafi yawansa zama ne a ƙarƙashin itace ana gardama, ba zane a ofis ba. Wani ya ce masu wayar nan ba za su yarda a taɓa musu ko taku ɗaya ba. Ban da amsar da zan ba shi, na yi shiru. Angon ne ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa kawunsa da ke zama a majalisar hakimi.

Da sassafe muka kamo hanyar sauka, raɓa ta jiƙa gilashi. Kafin a fara gangara direba ya tsaya ƙara iska a taya, ni kuma na taka zuwa wani ɗan fili a gefen titi da na lura da shi tun ranar hawa. Shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa dutse, daga bakinsa ana hango kwarin gaba ɗaya da hazo kwance a ciki. Na auna da ƙafa, taku 60 a tsawo, 25 a faɗi, zai ɗauki manyan motoci uku da ƙanana da dama. Ina juyowa ƙafata ta bugi wani abu a cikin ciyawa. Na sunkuya na buɗe. Turken siminti ne sabo, ko gansakuka bai yi ba, lambar da aka rubuta da ƙusa tana nan raɗau. Na bi layin da ido na hango na biyu a can bakin ramin.

Direba ya danna ham ya ce, "Baba, mu tafi kafin manyan motoci su fara hawowa." Na shiga. Ya sa giya ɗaya muka fara gangarawa, warin birki na shigowa, hayaƙin sabuwar wuta na tashi daga gangaren da ke saman mu. Kafin mu kai Mayo Selbe na tuɓe rigunan sanyin duka biyu.